Shehu Muhammadu Alkashinawi, Malamin Mantiƙi

 Na lura a shafinmu na Hausa an sha kawo tarihin sarakuna da mayaƙa, amma ba safai a kan kawo na malamai ba, alhali kuwa aikinsu mu ke shirin gado. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku labarin wani malamin ƙasar Katsina wanda ya rasu a Masar tun shekara ta 1741. Waɗanda suka san sunansa, galibinsu wajen hisabi da hatimi suka san shi. Ni kuwa wani fanni dabam na ke so in fi tsayawa a kai, watau mantiƙi, musamman babin da ke bayanin abin da ya zama dole, da abin da zai yiwu, da abin da ba shi yiwuwa. Da yawa cikinmu suna zaton wannan ilmi Turawa suka zo da shi. To, ga wani Bakatsine ya yi masa littafi tun kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne. Larabawa suna ce da shi Alkashinawi, watau mutumin Katsina, su kan kuma jingina shi ga Ɗan Ranko, wani gari na malamai da fatake a ƙasar Katsina wanda yanzu ya zama kufai. Ya tashi ne a zamanin da Katsina ta yi suna wajen karatu, bayan su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a shekara ta 1667. Yawancin abin da a ke faɗi na rayuwarsa daga littafin tarihin Abdurrahman Aljabarti na Masar aka samo shi, shi kuwa za ku ji dalilin da ya sa ya san shi in mun yi gaba.

Malamansa huɗu aka ambata. Akwai Shehu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, wanda ya rubuta sharhi a kan ƙaramin littafin tauhidi na Sanusi. Akwai Shehu Hashimu. Akwai Shehu Muhammadu Fodu, wanda a gunsa ne ƙwaƙwalwarsa ta fara buɗewa. Ya lizimci wannan malami wajen shekara 4, ko a gida ko a hanya ba ya rabuwa da shi, ya karanci sarfu da nahawu da littattafan adabi. Da fari malamin ya laƙaba masa sunan mai Maƙamatu, don ya hardace littafin nan yana jawo kalmominsa yadda ya so. Da ya ƙware a nahawu sai ya sake masa suna, ya riƙa kiransa Sibawaihi, watau sunan babban malamin nahawun Larabci. Wanda ya taɓa zama gaban malaman zaure ya san ba su da arahar yabo, saboda haka ba ƙaramin abu ba ne wannan. Na huɗunsu shi ne Shehu Muhammadu Bindu. A gunsa ya ɗauki lissafi, da sanin lokatai, da ilmin harufa da hatimi. Har wa yau a gunsa ya karanci usulu da balaga da mantiƙi, da littattafan aƙida na Sanusi guda 6 dukansu, ya saurari Buhari da babban kashi na Muhtasar na Halilu.

Bari in ɗan tsaya a kan Sanusi, gama shi ne mabuɗin zancen nan. Malami ne na birnin Tilimsan, cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya rasu a shekara ta 1490. Ƙaramin littafinsa na tauhidi, Ummul Barahina, ba ya ɓoyuwa ga almajirin ilmi a ƙasar Hausa, har nan Idi-Araba da Zangon Agege za ka tarad da masu karanta shi bayan sallar asuba kafin su fita kasuwa. Tun a farkon littafin a ke koya wa almajiri hukuncin hankali iri uku ne. Akwai wajibi, abin da hankali ba ya iya ɗaukar rashinsa. Akwai mustahili, abin da hankali ba ya iya ɗaukar samuwarsa. Akwai ja'izi, abin da samuwarsa da rashinsa duk hankali na karɓa. Biyu da biyu su zama huɗu wajibi ne. Abu guda ya kasance yana motsi yana kuma tsaye cik a sa'a guda mustahili ne. A yi ruwa gobe a Mushin ja'izi ne, ko da ya ke mu da ke zaune nan cikin damina ba mu fita ba laima. Duk yaron da ya kiyaye waɗannan uku ya riga ya taka ƙofar ilmin da na ke magana a kai, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Mantiƙi kuwa shi ne ilmin auna zance da hujja, don a gane wadda ta tsaya da wadda ta karkace. Aristo na ƙasar Yunanawa ne ya fara tsara shi, Larabawa suka fassara, malaman Musulunci suka ƙara masa abu mai yawa. Ba dukan malamai suka yarda da shi ba. Suyuɗi na Masar, wanda ya taɓa aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙa, ya hana karanta shi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya kuma zauna Katsina, ya mayar masa da amsa cikin waƙa, ya kuma wallafa nasa littafin na mantiƙi. A ƙasashenmu ra'ayin Magili da Sanusi ne ya rinjaya wajen masu tauhidi, shi ya sa yaro ɗan ƙasar Katsina ya sami mai karantar da shi wannan fanni bai ƙetare hamada ba tukuna.

Da ya ƙoshi da abin da ke gida sai ya ɗaura niyyar hajji. Tafiyar wancan zamani ba irin ta yanzu ba ce da mutum zai hau jirgin sama a Ikeja ya kwana Jidda. Ya ratsa ƙasashe da dama, yana saduwa da sarakunansu da malamansu, yana ƙaruwa da su suna ƙaruwa da shi, har ya rubuta labarin abin da ya gani a hanya. Ya yi hajji a shekara ta 1142 ta Hijira, watau 1730, ya zauna Makka. A can ya fara wallafa littafinsa Durrul Manzumi, a kan taurari da ɗalasimai, wanda ya tsamo daga wani littafi da a ke jingina wa Faharuddini Arrazi. Ya gama shi a Masar cikin watan Rajab na 1146, watau ƙarshen 1733. Wajen 1732 ya rubuta Bahjatul Afaƙi a kan harufa da hatimi. Yana kuma da littafin nahawu, Bulugul Arabi. Zancen ɗalasimai ba zan shiga ba, malamai sun yi ta saɓani a kansa, ni ma ba shi ne ya kai ni ga wannan bawan Allah ba.

Abin da ya kai ni shi ne waƙar da ya yi a kan mantiƙi, mai suna Minahul Ƙuddusi, wadda ya ɗebo daga Muhtasar ɗin mantiƙi na Sanusi. Bai bar ta haka ba, ya yi mata sharhi da kansa, ya kira shi Izalatul Abusi, ma'ana kawar da murtuke fuska. Sunan ya ba ni dariya, don kowane malamin makaranta ya san fuskar da ɗalibi kan yi in darasi ya gagare shi. Sharhin babban littafi ne, wajen kurasa 60, kurasa kuwa ita ce ɗaurin takardu da a ke harhaɗawa su zama littafi. Ku dubi dabarar koyarwa a nan: waƙa don a hardace, sharhi don a fahimta. Mu da a ke koya wa hanyoyin koyarwa bai kamata mu raina wannan ba.

Littafin Sanusin nan ya fi Sullamu na Ahdari zurfi, wanda masu farawa kan karanta, don ya kawo babin da a ke kira muwajjahatu. Ga abin da babin ke nufi. Kowane zance da za a iya gaskatawa ko a ƙaryata yana da abin da a ke magana a kansa da abin da aka faɗa game da shi. Amma akwai abu na uku wanda mutane ba su cika kula da shi ba, watau irin ƙarfin ɗaurin da ke tsakanin biyun. Dole ne, ko kullum ne, ko wani lokaci ne, ko kuwa yiwuwa ce kurum? Wannan shi a ke kira jiha. Aristo ya taɓa shi, amma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ya faɗaɗa shi ya shigo da lokaci da sharaɗi a ciki. Daga baya Alkatibi, mai littafin Shamsiyya, ya ƙidaya iri 13 na irin waɗannan zantuttuka.

Ba zan jero su duka ba, kada ku yi mini irin fuskar da Shehu ya so ya kawar. Zan kawo kaɗan da misalin abin da na ke gani a unguwa. In ka ce mutum rayayye mai jiki ne, wannan dole ne muddin mutumin na nan, ita ce laruriyya. In ka ce tsohon nan mai goro a bakin masallaci ya ke zama, tun ƙuruciyarsa har ya tsufa bai taɓa sake wuri ba, wannan kullum ne amma ba dole ba ne, da ya so da ya koma tasha. Ita ce da'ima. Bambancin nan na dole da kullum shi ne wanda na fi ganin ana tuntuɓe a kansa. Yaro ya faɗi jarrabawar lissafi sau uku, sai ka ji an yanke masa hukunci ba zai taɓa iyawa ba. An ɗauki abin da ya saba faruwa an mai da shi abin da ba makawa, yaron kuwa shi ke biyan kuɗin wannan kuskure.

Sa'an nan akwai dole mai sharaɗi. Telan da ke ɗinki da keken ƙafa, dole ƙafarsa ta motsa muddin yana cikin ɗinkin, in ya tashi cin abinci dolen ta faɗi. Ita ce mashruɗa. Akwai dole mai ƙayyadadden lokaci, misalin da littattafan ke bayarwa shi ne husufin wata, dole ya auku sa'ad da duniya ta shiga tsakanin wata da rana. Akwai dole wadda lokacinta ba a ƙayyade ba, kamar numfashi ga ɗan Adam. Yiwuwa ma kashi biyu suka yi ta. Ɗaya ita ce a ce abu ba mustahili ba ne kawai, wannan ta haɗa har da wajibi. Ɗayar ita ce a ce abu ba wajibi ba ne ba kuma mustahili ba, ita ce daidai da ja'izin masu tauhidi.

Amfanin wannan rarrabewa ya fi fitowa wajen musu. In wani ya ce dole ne Audu ya zo taro, kai kuma kana so ka ƙaryata shi, ba sai ka nuna Audu ba zai iya zuwa ba. Ya ishe ka ka nuna mai yiwuwa ne ya ƙi zuwa. Ba dole ne ya zo ba magana ce dabam, dole ne kada ya zo magana ce dabam, na kuwa sha ganin manya sun ɓata da juna a taron unguwa don ba su raba biyun nan ba. Haka kuma wanda ya ce kullum, abin da ke rushe maganarsa shi ne a sami sau ɗaya tak da abin bai faru ba. Ƙa'idar a taƙaice ita ce, dole daidai ta ke da rashin yiwuwar akasi, yiwuwa kuma daidai ta ke da rashin wajabcin akasi. In ka riƙe ɗaya ka sami ɗayar.

Yanzu bari in haɗa fannonin Shehu guda biyu da wani misali nawa, wanda na kan yi wa yaran aji shida. Ku zana hatimi mai gida 9, uku a tsaye uku a kwance. Ku zuba lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. In kun juya shi ko kun kifa shi, hanyoyi 8 ne kaɗai a ke iya cika shi, ba ƙari. To, a dukan takwas ɗin 5 ce a gidan tsakiya, dalili kuwa ga shi. Layi huɗu ne ke ratsa tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Jimlar lambobin duka 45 ce, saura 15 ke nan, ita ce lambar tsakiya sau uku, watau 5. Saboda haka zaman 5 a tsakiya wajibi ne. Zaman 2 a kusurwar sama ta dama ja'izi ne, don a biyu cikin takwas haka ya ke, a shida ba haka ba. Zaman 1 a kusurwa mustahili ne, ba ko ɗaya cikin takwas da ta zo haka.

Wanda ya gane wannan ya gane tushen abin da malaman jami'a ke koyarwa yau. Wani Ba'amurke, C. I. Lewis, shi ya farfaɗo da wannan babi a cikin mantiƙin zamani da littattafansa na 1918 da 1932. Yanzu da alamomi biyu a ke rubuta shi, ɗan akwati yana nufin dole, akwatin da aka tsayar bisa kusurwarsa yana nufin mai yiwuwa. A shekara ta 1959 wani saurayi Ba'amurke, Saul Kripke, bai ko cika shekara 20 ba, ya fito da hanyar auna irin waɗannan zantuttuka. Hanyar ita ce a ƙaddara dukan halayen da al'amari zai iya kasancewa a ciki, kamar hatiman nan takwas. Abin da ya tabbata a dukansu shi ne dole, abin da ya tabbata ko a ɗaya shi ne mai yiwuwa, abin da bai tabbata a ko ɗaya ba shi ne mustahili.

Daga wannan gindi rassa suka fita. Arthur Prior, mutumin ƙasar Niyu Zilan, ya ɗauki lokaci ya yi masa nasa mantiƙin a 1957, inda kullum ta tsaya a matsayin dole, wata rana kuma a matsayin mai yiwuwa. Bayan shekara 10, a 1967, Nicholas Rescher ya buga littafi yana nuna wa Turawa malaman Larabci sun daɗe da wannan aiki. Jaakko Hintikka na ƙasar Finlan ya yi na sani da zato a 1962, mai binciken tambayoyi irin su ko wanda ya san abu ya san ya sani. A 1977 Amir Pnueli ya nuna yadda za a yi amfani da mantiƙin lokaci a tabbatar na'urar kwamfuta za ta yi abin da aka umurce ta, ba za ta taɓa yin abin da aka hana ta ba.

Reshen da ya fi jan hankalina shi ne na umurni da hani, wanda G. H. von Wright, shi ma mutumin Finlan, ya tsara a 1951. A nan wajibi na nufin abin da aka ɗora wa mutum, haram na tsaye a matsayin mustahili, halal kuma a matsayin mai yiwuwa. Siffar ɗaya ce, gama abin da ya wajaba shi ne wanda barinsa bai halatta ba. Amma akwai wurin da suka rabu. Wajibin hankali ba ya taɓa saɓawa, 5 ba ta barin tsakiyar hatimi. Wajibin doka kuwa kullum ana karya shi, dole ne ɗalibi ya iso da ƙarfe takwas, ga shi can yana shigowa da tara saura. Mu Hausawa kalma ɗaya mu ke faɗi a wuraren nan biyu, shi ya sa mu kan ruɗe. Sanusi da almajiransa ba su ruɗe ba, don tun farko sun raba hukunci uku: na shari'a, da na al'ada, da na hankali. Sallar azahar wajibi ce a shari'a. Wuta ta ƙona auduga hukuncin al'ada ne, abin da aka saba gani a halitta. Rabi ya gaza duka hukuncin hankali ne. Wannan rabo shi Shehu Muhammadu ya karanta gaban Shehu Bindu kafin ya bar ƙasarmu.

A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan Aljabarti, babban malamin fiƙihu da ilmin falaki, wanda kakanninsa suka fito daga wajen ƙasar Habasha. Maigidan, duk da girmansa a Azhar, ya zauna gaban baƙonsa ya ɗauki ilmin hatimi daga gare shi. A wannan gida ajali ya same shi a shekara ta 1154 ta Hijira, watau 1741. Kafin ya cika ya sanya Shehu Hasan wasiyyinsa a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya rufe shi a maƙabartar Mujawirai, inda a ke rufe malamai da almajiran Azhar, ya gina alama bisa kabarin, aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Allah ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa da wajen shekara 12 aka haifa wa Shehu Hasan ɗa, aka sa masa suna Abdurrahman. Shi ne ya girma ya zama babban mai tarihin Masar, wanda ya ga shigowar Faransawa a 1798 ya rubuta labarinta. A cikin littafinsa Aja'ibul Asari ya ware wa baƙon ubansa wuri, ya jera malamansa da littattafansa. A nan gida kuwa, Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya rubuta maƙala a kan hisabinsa a mujallar cibiyar takardun Larabci ta Jami'ar Ibadan a 1967, Claudia Zaslavsky kuma ta kawo hatimansa a littafinta na lissafin Afirka a 1973. Durrul Manzumi an buga shi a Masar.